Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Koyon Ƙwarewar Jiki: Nazari a Kan Kokowar Gargajiya a Tawa da Arewacin Adar

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda ƙwaƙwalwar ɗan Adam ke mayar da motsin da aka koya da ƙyar ya zama abin da jiki ke yi ba tare da tsayawa tunani ba. An ɗora bayanin a kan kokowar gargajiya kamar yadda ake koyon ta a Tawa da garuruwan arewacin Adar, aka kuma taƙaita shi a kan ƙwarewa guda, wato kuɓuta daga kaye bayan abokin karawa ya riga ya raba mutum da daidaitonsa. Matsayin takardar shi ne, wannan ƙwarewa tana ginuwa ta hanyar yawan kuskure, da sauyin abokan karawa, da tazara tsakanin atisaye. Dandalin ƙauye yana samar da waɗannan abubuwa uku, sansanin horo na ƴan makonni kuwa ba ya iya maye gurbinsu.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché, aka gudanar da gasar kokowa ta ƙasa karo na farko a Nijar. A birnin Tawa aka yi ta, kuma Yakuba Ango na Maraɗi, wanda aka fi sani da Kantu, shi ya yi nasara. Gasar ta bunƙasa har ta zama taron wasa mafi girma a ƙasar, inda kowace jiha daga cikin jihohi takwas ke turo ƴan kokowa 10 don neman takobi. Adar ta ba da nata zakarun, irin su Kadade Zambo, kuma filin kokowa na Tawa yana ɗauke da sunan Hamidine Maidare.

Duk wanda ya saba kallon kokowa ya san wani lokaci da ke tayar da ƴan kallo tsaye: an ɗaga ƙafar mutum, ya karkace, kowa ya yanke cewa ya tafi ƙasa, sai ga shi ya murɗa ƙugu ya dira a kan ƙafafunsa, wani lokaci ma shi ne zai kayar. Abin yakan faru cikin ƙasa da sakan ɗaya. Idan aka tambayi ɗan kokowar yadda ya yi, da wuya ya iya zayyana jerin motsin da gaɓoɓinsa suka bi. Manufar wannan takarda ita ce amsa tambayoyi biyu. Ta wace hanya ƙwaƙwalwa ke koyon motsin da mai shi ba ya iya bayyanawa da baki? Kuma me wannan sani ke nunawa game da yadda ake rainon ƴan kokowa a Adar?

2.0 Bitar Ra'ayoyin Magabata

Ayyukan da suka shafi wannan batu sun kasu gida biyu, kuma gidajen ba su cika haɗuwa ba.

Gida na farko na masana halayyar al'umma ne. Marcel Mauss, a wata lacca da ya gabatar a 1934, ya nuna cewa tafiya da ninƙaya da tsugunno duk dabaru ne na jiki da kowace al'umma ke koyar da ƴaƴanta ta nata salo. Jean Lave da Etienne Wenger (1991), bisa nazarin da ya haɗa da telolin Laberiya, sun bayyana cewa ɗan koyo yana farawa ne daga gefe, da ƙananan ayyuka na gaske, kafin ya matso tsakiyar sana'a. A kan Adar kanta, Djibo Hamani (1975) ya rubuta tarihin yankin kafin zuwan Turawa, Nicole Echard kuma ta yi dogon bincike a kan manoma da maƙeran Adar tun daga shekarun 1960. Mahaman Sériba (2005) ya nazarci kokowar Nijar ta fuskar alaƙarta da hukuma da kuma al'adun kaka da kakanni, Edward Powe (1994) ya bayyana wasannin faɗa na Arewacin Nijeriya. Waɗannan ayyuka sun fayyace matsayin kokowa a cikin al'umma, amma abin da ke gudana a cikin kan ɗan kokowa ba ya cikin hurumin da suka ɗauka.

Gida na biyu na masana jijiya da motsi ne. Nikolai Bernstein, wanda ya yi aiki a Mosko tun shekarun 1920, ya auna motsin masu bugun ƙarfe, ya gano cewa kan guduma yana sauka kusan wuri ɗaya alhali kafaɗa da gwiwar hannu da wuyan hannu ba sa bin hanya ɗaya sau biyu. Daga nan ya fitar da matsalar da za a kira a nan yawan zaɓin gaɓoɓi: jiki yana da gaɓoɓi da tsoka fiye da abin da aiki ɗaya ke buƙata, don haka ƙwarewa ita ce iya warware matsala ɗaya ta hanyoyi daban-daban. Paul Fitts da Michael Posner (1967) sun raba koyo zuwa matakai uku: matakin fahimta, matakin haɗawa, da matakin sabo. Richard Schmidt (1975) ya ƙara da cewa abin da ƙwaƙwalwa ke ajiyewa ƙa'ida ce ta alaƙa tsakanin yanayi da umarni da sakamako, saboda haka atisaye mai sauye-sauye ya fi ƙarfafa ta.

Raunin wannan gida shi ne yawancin gwaje-gwajensa an yi su ne a ɗakin bincike, a kan ɗaliban jami'o'in Turai da Amurka, da ayyuka masu sauƙi kamar danna maɓalli da yatsu. Dole a yi hattara wajen ɗaukar sakamakonsu a kai filin yashi.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar kwatanci. Da farko an tattaro sakamakon binciken da aka wallafa game da sassan ƙwaƙwalwa masu hannu a koyon motsi. Sannan aka auna su da tsarin koyon kokowa da aka sani a yankin, tun daga wasan yara a dandali har zuwa zaɓen ƴan wasan jiha. An jawo misalin ƙira da na tuƙin kwalekwale inda suka taimaka wajen fayyace wata ƙa'ida.

Kalmomin fannu da aka yi amfani da su su ne: ɓawon motsi, wato sashen saman ƙwaƙwalwa mai aika umarni ga tsoka, ƙwaƙwalwar ƙeya, ƙaramin sashen da ke ƙasa ta baya, curin tsakiya, tarin ƙwayoyin jijiya da ke can ciki masu zaɓen aiki da kafa sabo, jin-gaɓa, wato sanin inda gaɓoɓi suke ba tare da an duba ba, ma'aunin kunne, sashen cikin kunne mai gane karkacewar kai, da hasashen ciki, wato ƙiyasin da ƙwaƙwalwa ke yi na sakamakon motsi tun kafin ya auku. Milisakan shi ne kashi ɗaya cikin 1000 na sakan.

4.0 Nazari

4.1 Ajiyar sani da ajiyar iyawa

A 1953 aka yi wa wani Ba'amurke mai suna Henry Molaison tiyata saboda farfaɗiya, aka cire masa babban ɓangare na hifokamfus, wani sashe na cikin ƙwaƙwalwa, a gefe biyu. Tun daga lokacin ya kasa riƙe sababbin abubuwan da suka faru da shi. Brenda Milner ta ba shi aikin bin zanen tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi kawai. Cikin kwana uku kuskurensa ya yi ta raguwa, amma kullum aka kawo masa aikin sai ya ce bai taɓa yin sa ba. Sakamakon, wanda aka wallafa a 1962, ya tabbatar da cewa ajiyar abin da mutum ya sani daban take da ajiyar abin da ya iya.

Wannan ya bayyana dalilin da ya sa gwanin ɗan kokowa ba lallai ya zama gwanin koyarwa ba, da kuma dalilin da ya sa wanda ya haddace sunan kowane kamu daga bakin masu sharhi a rediyo ba zai jure sakan 10 a fili ba.

4.2 Matsalar lokaci da hasashen ciki

Saƙon jijiya yana ɗaukar lokaci. Martanin da tsoka ke bayarwa kai tsaye ta laka, idan an fizge ta, yana zuwa cikin milisakan 20 zuwa 50. Martanin gyara tsayuwa, wanda ke bi ta sassan ƙwaƙwalwa, yana zuwa wajen milisakan 100. Martanin da mutum ya yi da niyya bayan ya ga abu yana kaiwa milisakan 200, kuma yana ƙaruwa idan akwai zaɓi fiye da ɗaya. Ɗan kokowar da zai jira ya ga taɗiya, ya gane ta, ya yanke shawara, ya riga ya makara.

Mafitar da ƙwaƙwalwa ta samu ita ce hasashe. Duk lokacin da ɓawon motsi ya aika umarni, ana tura kwafinsa ga ƙwaƙwalwar ƙeya, wadda ke ƙiyasta abin da jiki zai ji idan komai ya tafi daidai. Idan abin da jin-gaɓa da ma'aunin kunne suka kawo ya saɓa wa ƙiyasin, wannan saɓani shi ne kuskuren hasashe, kuma da shi ake gyara umarni na gaba. David Marr (1969) da James Albus (1971) suka fara tsara ra'ayin cewa ƙwaƙwalwar ƙeya tana koyon motsi, Masao Ito da abokan aikinsa a Japan kuma suka nuna a 1982 cewa mahaɗar jijiyoyi a ƙwayoyin Purkinje na ƙwaƙwalwar ƙeya tana sauya ƙarfi idan saƙon kuskure ya iso. Girman aikin ya bayyana a ƙidaya: daga cikin ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86 da ke cikin ƙwaƙwalwar mutum, kusan biliyan 69 suna cikin wannan ƙaramin sashe na ƙeya.

Gwaje-gwaje biyu sun ƙarfafa bayanin. Reza Shadmehr da Ferdinando Mussa-Ivaldi (1994) sun sa mutane miƙa hannu riƙe da wata na'ura mai ture hannun gefe. Da farko hannun ya riƙa kaucewa, daga baya ya miƙe. Da aka kashe turin ba zato, sai hannun ya kauce ta ɗaya gefen, alamar cewa ƙwaƙwalwa ta riga ta fara tare turin tun kafin ya zo. A 1996 kuma Thomas Thach da abokan aikinsa suka sa mutane jifa sanye da tabarau mai karkatar da gani. Masu lafiya sun gyara jifarsu bayan ƴan gwaji, masu lahani a ƙwaƙwalwar ƙeya kuwa suka ci gaba da kuskure iri ɗaya.

Abin da wannan ke nufi ga kokowa a fili yake. Hannuwan da ƴan kokowa ke ɗorawa a wuya da kafaɗar juna, da goshin da suke haɗawa, hanyoyi ne na karanta nauyin abokin karawa ta jin-gaɓa, wanda ya fi gani sauri. Dogon lallaɓen da ƴan kallo marasa haƙuri ke ɗauka ɓata lokaci ne, tattara bayani ne da ƙoƙarin ruɗa hasashen ɗaya ɓangaren. Wanda ya yi kamar zai ja sannan ya tura, ya sa ƙwaƙwalwar abokinsa ta aika gyaran da bai dace ba, sai nauyin mutum ya kayar da shi da kansa. Philippe Perrin da abokan aikinsa a Faransa (2002) sun gwada ƴan judo da masu rawar bale da mutanen da ba su da horo, suka tarar ƴan judo sun fi riƙe daidaito idan an rufe ido, abin da ke nuna dogaro ga jin-gaɓa. Judo ba kokowar Adar ba ce, amma matsalar da jiki ke warwarewa a cikinsu ɗaya ce.

4.3 Danne martanin asali

Wahalar wasu ƙwarewa ba ta tsaya ga koyon sabon motsi ba, har da hana wanda jiki ya zo da shi. Misali mafi bayyana shi ne na mafarautan Inuwit na Girinlan, masu shiga teku da siririn kwalekwale mai suna kayak. Idan igiyar ruwa ta kifar da su, sukan juyo da shi suna zaune a ciki. David Crantz ya bayyana hanyoyi 10 na wannan juyi tun a shekarun 1760. Babbar matsalar ɗan koyo ita ce kansa yana cikin ruwa, jikinsa na neman iska, don haka yakan fara ɗago kai, ɗaga kan kuwa shi ke sake kifar da kwalekwalen. Sai ƙugu ya fara juya jirgin, kai ya fito daga ƙarshe. Masuntan tabkin Tabalak, arewa maso gabas da Tawa, ba sa irin wannan juyi, amma tsayuwa a cikin kwalekwale ana jefa taru tana buƙatar sassauta gwiwa da ƙugu a daidai lokacin da tsoro ke sa mutum ya sandare.

Haka abin yake a kokowa. Yaron da aka kai wa hari a ƙafa yakan miƙe tsaye, ya ɗaga ƙirji, ya ƙanƙame jikinsa. Miƙewar tana ɗaga cibiyar nauyinsa sama, sandarewar kuma tana mayar da shi abu guda mai sauƙin tumɓukewa. Gwani yana yin akasin haka: ya sauke ƙugu, ya watsa ƙafafu baya, ya ɗora ƙirjinsa a bayan mai harin. Bernstein ya lura cewa ɗan koyo yana fara ƙulle gaɓoɓinsa don rage yawan abin da zai sarrafa, sannan ya riƙa sakin su ɗaya bayan ɗaya. Sakin ba ya samuwa sai tsoron faɗuwa ya ragu, tsoron kuma ba ya raguwa sai an sha faɗuwa ba tare da rauni ba. A nan yashi yake da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Yaron da ya tashi yana kokowa a kan rairayin gulbi ko gonar da aka girbe yana samun ɗaruruwan faɗuwa masu arha, kowace ɗaya kuma saƙon kuskure ce ga ƙwaƙwalwar ƙeya.

4.4 Lada da kafuwar sabo

Ƙwaƙwalwar ƙeya tana gyara yadda ake yin motsi. Zaɓen wane motsi za a yi kuwa aikin curin tsakiya ne. Wolfram Schultz da abokan aikinsa (1997) sun nuna cewa ƙwayoyin da ke fitar da sinadarin dofamin suna ƙara aiki idan sakamako ya fi yadda aka zata, suna rage shi idan ya gaza. Ta haka ake ƙarfafa jerin motsin da ya kai ga nasara. Ann Graybiel (1998) ta bayyana yadda maimaitawa ke ɗaure ƙananan motsi su zama dunƙule ɗaya, wanda da an fara shi sai ya gudana har ƙarshe. Kiɗan ganga da kirari da sowar ƴan kallo lada ne mai ƙarfi, kuma yana zuwa nan take bayan kaye.

Tsarin yana da aibinsa. Yaron da ya fi tsaransa ƙarfi yana kayarwa da ɗauka kawai, ƙwaƙwalwarsa ta kafa wannan sabo, sai ya isa gasar gunduma ya haɗu da wanda bai ɗaukuwa. Gyara kafaffen sabo ya fi koyon sabon abu wuya, domin tsohon ba ya gogewa, danne shi ake yi, kuma yakan dawo idan gajiya ko matsi ya yi yawa.

4.5 Sauyin abokan karawa, tazara da barci

John Shea da Robyn Morgan (1979) sun raba masu koyo gida biyu: wasu suna maimaita aiki ɗaya har su gama kafin su koma wani, wasu ana cakuɗa musu ayyukan. Rukunin farko ya fi kyau a lokacin atisaye, amma da aka sake gwada su daga baya, rukuni na biyu ne ya fi riƙewa, ya kuma fi iya sabon aiki. Alan Baddeley da Longman (1978) sun koya wa ma'aikatan gidan waya na Ingila buga keken rubutu, suka tarar masu awa ɗaya a rana sun kai matsayin da ake so da ƙarancin jimillar awoyi fiye da masu awa huɗu a rana. Matthew Walker da abokan aikinsa (2002) sun ba da rahoton ƙaruwar sauri da kusan kashi 20 cikin 100 a aikin yatsu bayan barcin dare ɗaya. An yi jayayya da wannan adadi daga baya, inda Timothy Rickard (2008) ya danganta wani ɓangarensa ga gushewar gajiya, amma amfanin tazara tsakanin atisaye bai girgiza ba.

Sauyin da ke faruwa a cikin ƙwaƙwalwa ma yana buƙatar lokaci. Avi Karni da abokan aikinsa (1995) sun ga faɗaɗar wurin aiki a ɓawon motsi bayan makonni na atisaye. A 2014 wani ayari a Landan ƙarƙashin William Richardson ya nuna cewa ɓerayen da aka hana ƙera sabon mayelin, wato kitsen da ke naɗe zaren jijiya yana ƙara saurin saƙo, sun kasa ƙwarewa a gudu kan wata ƙafa mai juyawa, mai wuyar hawa. Zaren jijiya mai kaurin mayelin yana kai saƙo da gudun da ya kai mita 120 a sakan, mara shi kuwa wajen mita ɗaya. Gina mayelin yana buƙatar sinadarin ƙarfe a abinci, saboda haka a yankin da ƙarancin jini ke addabar yara, batun ƙwarewar jiki ba ya rabuwa da batun abin da ke cikin ƙwarya.

Idan aka auna kokowar ƙauye da waɗannan sakamako, dacewar tana da yawa. Bayan kaka, idan an gama cika rumbu, samarin garuruwa irin su Kalfu, Barmu, Bambeye, Afala, Tamaske da Keita sukan fita dandali, kuma wani gari ya ziyarci wani. Yaro yana karawa da dogo da gajere, mai nauyi da mai wayo, bahago da na dama. Karawar gajera ce, a tsakaninta akwai hutu da barci, kuma ana maimaita hakan shekara bayan shekara. Babu wanda ya tsara wannan bisa littafi, amma ya ƙunshi cakuɗa da tazara da lada, abubuwan da ɗakin bincike ya tabbatar da amfaninsu.

Sansanin da jihohi ke tara zaɓaɓɓun ƴan kokowarsu kafin gasar takobi yana da amfani wajen ƙara numfashi, da kula da abinci, da nazarin abokan hamayya. Amma mutum 10 ne ke ta karawa da junansu, kowa ya haddace kowa, cikin lokacin da bai isa a gina sabon hasashen ciki ba. A ganin wannan takarda, jihar da ta zuba kuɗinta duka a wannan mataki ta bar inda ake ƙera gwanaye, ta koma goge waɗanda aka riga aka ƙera. Ci-rani ya ƙara tsananta lamarin. Adarawa sun shahara da tafiya Nijeriya, Kodebuwa, Libiya da Aljeriya da zarar an gama aikin gona, lokacin da ya yi daidai da lokacin kokowa. Wanda ya riga ya iya, idan ya dawo yakan farfaɗo da ƙwarewarsa da sauri, domin ajiyar iyawa tana daɗewa. Hasarar tana kan ƙannensa, waɗanda suka rasa manyan da za su kara da su, su kuma kalla.

4.6 Kallo

Kallo yana koyarwa, amma gwargwadon abin da jiki ya riga ya taɓa. Beatriz Calvo-Merino da abokan aikinta (2005) sun tarar sassan motsi na ƙwaƙwalwar masu rawa sun fi amsawa idan suna kallon salon da su kansu suka iya. Salvatore Aglioti (2008) ya nuna ƴan wasan ƙwallon kwando sun fi masu horarwa da ƴan jarida saurin gane ko ƙwallo za ta shiga, tun daga motsin hannun mai jifa. Ɗan maƙerin Adar da ke zaune a bakin zuga-zugi yana kallon saukar masaba a kan uwar maƙera yana tara siffar aikin, amma sai ya riƙe masabar kafin kallon ya fara amfani sosai. Su cali-cali masu ban dariya da ke kwaikwayon tafiya da kamun kowane gwani a fili suna nuna yadda salon mutum yake fitowa har a iya karanta shi. Abokin hamayya mai lura yana karanta abu ɗaya.

4.7 Matsin taro da maganar mai horo

Ƙwarewar da ta kai matakin sabo tana iya rushewa idan mai ita ya koma sa ido a kan gaɓoɓinsa. Richard Masters (1992) ya nuna waɗanda suka koyi aiki da ƙa'idojin baki masu yawa sun fi lalacewa a ƙarƙashin matsi fiye da waɗanda suka koya ba tare da su ba. Sian Beilock da Thomas Carr (2001) sun kai ga sakamako makamancin wannan. Gabriele Wulf, tun daga 1998, ta tara shaidu cewa umarnin da ke mai da hankali ga sakamakon motsi ya fi wanda ke mai da shi ga gaɓa. Saboda haka mai horon da ya ce wa yaro ya kai ƙirjin abokinsa ƙasa ya fi wanda ya tsaya lissafa masa kusurwar gwiwa. Gajeruwar maganar tsofaffin ƴan kokowa a bakin fili ta dace da wannan ƙa'ida.

Batun layu da guraye da sauran shirin da ƴan kokowa ke shigowa da shi yana da fuskoki na addini da al'ada waɗanda ba hurumin wannan takarda ba ne. Ta fuskar gwaji, wani bincike a Jamus a 2010 ya ba da rahoton cewa riƙe abin sa'a yana ƙara ƙwazo, amma da aka maimaita shi da mutane masu yawa a Amurka a 2014 ba a sami wannan sakamako ba. Abin da za a iya tsayawa a kansa shi ne, jerin ayyukan da mutum ya saba yi kafin karawa suna rage tarwatsewar hankali, amma ba sa sanya wa ƙwaƙwalwar ƙeya abin da atisaye bai sanya mata ba.

Atisayen ma yana da iyaka. Anders Ericsson da abokan aikinsa (1993) sun ɗora mafi yawan ƙwarewa a kan atisaye mai niyya, amma tattara sakamakon bincike da Brooke Macnamara ta jagoranta a 2014 ya nuna atisaye yana bayyana kusan kashi 18 cikin 100 ne na bambancin da ke tsakanin ƴan wasa. Ƙira da tsawo da lafiya da shekarun farawa duk suna da rabonsu.

5.0 Shawarwari

Hukumar kokowa ta ƙasa da ƙananan hukumomin jihar Tawa su karkatar da wani kaso na kuɗin shirin gasa zuwa karawar yara da matasa tsakanin ƙauyuka, a rarraba su bisa shekaru da nauyi, a kuma riƙa haɗa mai ƙarfi da wanda ya fi shi don kada ya kafu a kan ɗauka kaɗai. Filin yashi mai laushi a makarantar firamare ba ya cin kuɗi mai yawa, kuma zai ba yaran birnin Tawa irin faɗuwar da yaran ƙauye ke samu kyauta. Wajibi ne a haɗa wannan da kula da bugun kai da na wuya: yaron da ya bugu har ya ji jiri a fitar da shi, kada a mayar da shi fili a ranar.

Cibiyar horar da malaman wasanni ta ƙasa da ke Yamai ta sa tsofaffin ƴan kokowa cikin masu koyarwa, a ba su horo kan yadda ake gyara kuskure da gajeruwar magana. Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa kuma tana zaune a tsakiyar yankin da ya dace da irin wannan bincike. Wayar hannu mai ɗaukar bidiyo a hankali ta isa a fara auna lokacin martani da saukar ƙugu, a kwatanta yaran da suka tashi a dandali da waɗanda suka fara a makare. Ana kira ga malamai da ɗaliban jami'ar su fara wannan aiki daga kakar bana, tun tsofaffin gwanayen Adar suna raye suna iya nuna kamu da hannunsu.